Shin Ko Kun San? Abubuwan Mamaki Daga Gonar Auduga Zuwa Kasuwar Gwanjo

Riga mai shan ruwa

Shin ko kun san cewa 'yar shat ɗin auduga guda ɗaya tak tana lashe ruwa kusan lita 2,700 kafin ta iso kanti? Ku lissafa da jarka mai lita 25. Jarka 108 ke nan! A riga ɗaya fa. Akasarin ruwan a gona yake tafiya, wajen shayar da auduga.

Ku ji abin da ƙishirwar auduga ta yi a tsakiyar Asiya. Tekun Aral ya taɓa zama na huɗu a girma cikin tafkunan duniya. Daga shekarun 1960 Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan da ke zuba cikinsa zuwa gonakin auduga. Yau jiragen ruwa na nan kwance a kan yashi, tsatsa na cin su. Kusan teku sukutum ya tafi saboda tufafi!

To ga inda Afirka ta ciri tuta. Audugar Mali, Binin, Burkina Faso, Kwaddibuwa da ta Funtuwa, kusan duk ruwan sama take sha. Ba a tare kogi dominta. Damina ta sauka, a shuka. Kaka ta yi, a tsinka. Shi ke nan!

Kun san a cikin hamada aka fara noman auduga marar guba a Masar? A 1977 Dakta Ibrahim Abouleish ya kafa gonar SEKEM a kan busasshen fili, arewa maso gabas da Alƙahira. Ba takin zamani, ba maganin ƙwari na kanti. Aikin nan ya taimaka har aka daina feshin gonakin audugar ƙasar da jirgin sama.

Ga lissafin da zai sa ku riƙe baki. Rahoton hukumar UNESCO na 2023 ya nuna ƙasashe 37 cikin 54 na Afirka suna noma auduga. Amma nahiyar tana fitar da kayan saƙa na dala biliyan 15.5 a shekara, tana shigo da na dala biliyan 23.1. Giɓin dala biliyan 7.6! Mu noma, a kwashe ta ɗanya, a saƙa a waje, a dawo mana da ita da tsada.

Jamhuriyar Binin ta ce ta gaji da wannan. Ta gina unguwar masana'antu a Glo-Djigbé, kusa da Kwatano, inda ake kaɗa audugar ƙasar, a saƙa, a ɗinka, a fitar da riga gamammiya. Kuɗin kaɗi da na ɗinki sun tsaya a gida.

Rijiyar da ba ruwan sha a ciki

Shin kun san Marinar Ƙofar Mata a Kano tun 1498 take? Shekara 500 da ɗoriya! Sarakuna sun zo sun wuce, Turawa sun zo sun tafi, ana nan ana tsoma zane.

Me ake zubawa a rijiyar rini? Abu uku ne ginshiƙi: ganyen baba, toka, ruwa. A bar su su ruɓa, ana motsawa da doguwar sanda har kumfa ta taso. Ba inji, ba lantarki, ba man fetur.

Yanzu ku matso bakin rijiyar ku gani. Marini ya tsoma farin zane, ya juya shi a ƙarƙashin kumfa, ya ɗago, ya matse. Me kuka gani? Ba shuɗi ba ne! Kore-kore ne, mai ratsin rawaya. Ku ɗan dakata. Iska na taɓa shi, sai launin ya fara juyawa a gaban idonku, daga gefe zuwa tsakiya, har ya zama shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa. Kowace tsomawa na ƙara duhu. Iska ce ke ƙarasa rinin! Hannun marinin kuwa, har gwiwar hannu, ya riga zanen rinuwa.

Kuma ba a zubar da komai. In baba ya mutu, laka na taruwa a gindin rijiya. A kwashe, a shanya, a ƙone, ga katsi. A haɗa katsi da gashin jima da dafara, ga laso, simintin kakanni. Da shi ake shafe sabuwar rijiyar rini, da shi ake shafe soro ruwa bai shiga. Sharar marina ita ke gina marina. Da tsohuwar zuma ake magani, jama'a!

A 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano. Ya ƙiyasta tufafin da birnin ke fitarwa a shekara sun kai wuri miliyan 300. Suna zuwa Tambutu, suna ƙetare Sahara har Tarabulus. A bayan raƙumi!

Garin Kura fa? Can ake yin turkuɗi, baƙin yadin nan mai walƙiya da Buzaye ke naɗawa. Ana saƙa shi siriri ƙwarai, faɗinsa bai kai yatsu biyu ba, a harhaɗa da allura, a rina, sannan mabuga su barbaɗa garin shuni su yi ta bugu har ya riƙa ɗaukar ido. Shunin na zuba a fatar mai sanyawa, kuma ba a ɗaukar haka aibi. Ado ne!

Kuna tsammanin wannan sana'a ta jiya ce? A kogunan duwatsun Bandiagara na Mali an tono tufafin auduga masu rinin shuni da suka kai ƙarni na 11. Kusan shekara 1,000, zaren bai gama ruɓewa ba.

To me ya busar da rijiyoyi da yawa? A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a ɗakin gwaji. Ga araha, ga sauri. Sai dai rinin kanti yana tafe da soda mai cin hannu. A Bamako, inda mata ke rina shadda mai ƙayatarwa, ruwan rinin da ake zubarwa na gangarawa Kogin Neja. Ado a jiki, guba a kogi.

Laka, ɓawo, rogo da tsutsa

Kun san da laka ake zana tufa a Mali? Bogolan ke nan. A tafasa ganyen marke, i, marken nan da kuka sani a dajinmu, a jiƙa yadi a ciki ya koma rawaya. A kawo lakar kogi da ta yi watanni tana ruɓa a tukunya, a zana da tsinke. A shanya, a wanke. Laka ta fita, baƙi ya zauna daram! Ƙarfen da ke cikin lakar ne ya kama da ɗacin ganyen. Maharba na sa shi, masu jego na ɗaura shi, kuma Chris Seydou, gwanin ɗinki ɗan Mali, ya kai shi dandalin nunin tufafi na Faris.

Tufa ba zare, ba saƙa, ba rini, kun taɓa ji? Ku je Yuganda. Mutanen Baganda na saɓule ɓawon itacen mutuba, ɗan'uwan ɓaure da ceɗiya. A shimfiɗa a kan gungume, a yi ta bugu da guduma ta katako mai tsaga-tsaga. Ɓawon ya yi ta buɗewa, ya yi laushi, ya ninka faɗinsa sau da yawa. A shanya a rana ya koma ja kamar ƙasa.

Itacen fa, ya mutu? Ko alama! Ana naɗe gangar jikinsa da ganyen ayaba, sabon ɓawo ya tsiro, baɗi a dawo a sake saɓulewa. Haka shekara da shekaru. Itace ɗaya, tufafin zuriya guda. UNESCO ta ayyana wannan sana'a cikin gadon ɗan Adam a 2005.

Ayabar ma ba a bar ta ba. Kun san gindin ayaba sau ɗaya yake haihuwa? Daga nan sai sara. A Yuganda yanzu ana tsefe zare daga cikin jikinsa, a saƙa darduma da jaka. Har gashin ƙari na kitso ake yi da shi!

A Abeokuta kuwa, kunun rogo ne alƙalami. Mata masu rinin adire na dama garin rogo ya yi kauri, su tsoma gashin kaza, su zana tsuntsu, ƙadangare, ganye. A tsoma a baba. Duk inda kunun ya taɓa, rini bai shiga. A kankare, zane ya fito fes! Ku leƙa kasuwar Itoku ku sha kallo.

Mu ma muna da siliki, kun sani? Zaren tsamiya! Wasu tsutsotsi ne ke taruwa su saƙa gida ɗaya tare a jikin itace. A ɗebo, a dafa da ruwan toka, a tsefe, a kaɗa. Ba kiwo, ba ciyarwa, daji ne ke bayarwa. Da shi ake yi wa manyan riguna aiki, kuma da irinsa Yarabawa ke saƙa sanyan, yadin sarakuna da angwaye.

Akuyarmu, sunan wasu

Shekaru aru-aru Turawa na yi wa littattafansu masu daraja bango da wata jar fata mai laushi da suke kira fatar Maroko. Ashe da yawa daga cikinta ta jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce! Ayari ne ke haye Sahara da ita, a loda ta a jirgin ruwa daga tashoshin Arewacin Afirka. Mu da jima, wasu da suna.

Da me majema ke jeme ta? Bagaruwa! 'Ya'yan itacen nan da awaki ke bi. A daka, a jiƙa, a tsoma fata. A birnin Fas na Maroko kuma, har gobe kashin tattabara ake zubawa don fata ta yi laushi. Warin kuwa, sai an miƙa wa baƙo ganyen na'a-na'a ya toshe hanci!

Takalmin taya fa, wanda ake rainawa? A wata unguwar talakawa ta Adis Ababa, wata matashiya, Bethlehem Tilahun Alemu, ta tara maƙwabtanta masu sana'ar hannu wajen 2005 ta kafa soleRebels. Tafin takalmin tsohuwar taya, samansa saƙar hannu. Ba a jima ba sai ga shagunansu a Turai da Asiya. Tayar da aka jefar a bola tana yawo a titunan duniya!

Namu ne, amma ba a nan aka yi ba

Ku riƙe zuciyarku. Atamfar Holan da ake sa wa a lefe, asalin fasaharta daga Indunusiya take. Turawan Holan ne suka kwaikwayi rinin kakin mutanen Jawa da inji. Mutanen can suka ga tsage-tsagen da injin ke bari, suka yatsina fuska. Afirka ta Yamma ta gani ta ce wannan tsagen shi ne kyan! Kamfanin Vlisco mai buga ta yana garin Helmond na Holan tun 1846.

Shaddar Getzner fa? A wani ƙaramin gari mai suna Bludenz, cikin duwatsun ƙanƙara na Ostiriya ake saƙa ta. Mutanen garin ba sa sa babbar riga. Mu ne kasuwar!

Kuma mun taɓa yin namu da inji. A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles. Wasu suka biyo baya. Unguwar Kakuri ta cika da dubban ma'aikata, in an tashi aiki kekuna su toshe titi. A shekarun 1980 masaƙun Najeriya sun haura 100. Rashin wuta da kwararowar yadin waje mai araha suka durƙusar da su. A 2002 ita kanta Kaduna Textiles ta rufe ƙofa. Ku zaga Kantin Kwari yau, ku duba bakin yadi ku ga inda aka buga shi.

Dutsen gwanjo

Shin kun san tufafin gwanjo kusan miliyan 15 ne ke sauka kasuwar Kantamanto ta birnin Akra a kowane mako? Ba a shekara ba, a mako! Cikin mako biyu da 'yan kwanaki, an kawo abin da zai ishi kowane ɗan Gana ya samu ɗaiɗai. Mutum wajen 30,000 ke cin abinci a kasuwar.

Ga inda gizo ke saƙar. Dila a ɗaure ake sayenta, ba a leƙawa. 'Yar kasuwa ta biya, sau da yawa da kuɗin bashi, ta yanke igiya, kaya su tarwatse. Masu saye sun kewaye ta, hannuwa na wawura. Na sama masu kyau su tafi nan take. Sai a iso ƙasa: mai tabon mai, mai yagaggen hammata, rigar sanyin ƙanƙara a garin da ake gumi. Ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta kashi 40 cikin 100 shara ne. Miliyan 6 ke nan duk mako!

Ina suke zuwa? Bola, kwata, bakin teku. Igiyar ruwa na murɗa su su zama dogayen igiyoyi masu nitsewa cikin yashi. Masunta su jefa koma, su jawo wando!

Me ya sa ba sa ruɓewa? Saboda da yawansu ba auduga ba ne. Sama da rabin zaren da duniya ke yi yau foliyesta ne, shi kuwa daga man fetur ake yin sa. Roba ce ake sawa a jiki!

Wa ke ɗaukar dilolin? 'Yan mata 'yan dako, galibi daga arewacin Gana. Dila ɗaya kilo 55, a ka. Wata ma nauyin jikinta bai kai haka ba. Wuya da ƙashin baya ne ke biyan bashin. Kamar hakan bai isa ba, a farkon Janairun 2025 gobara ta cinye akasarin kasuwar cikin dare ɗaya.

Ƙaramar Ruwanda ta taɓa yin ta maza. A 2016 ƙasashen Gabashin Afirka suka shirya hana gwanjo don masaƙunsu su farfaɗo. Ruwanda ta ɗaga harajin kilo ɗaya daga santi 20 zuwa dala 2.50. Ninki 12 da rabi! Amurka ta yi barazana. Kenya, Tanzaniya da Yuganda suka janye. Ruwanda ta ƙi. A 2018 aka dakatar da damarta ta shigar da tufafi Amurka ba haraji a ƙarƙashin tsarin AGOA. Duk a kan tsofaffin kaya!

Masu mai da bola kasuwa

Wannan zai ba ku dariya. A Kamfala, Bobby Kolade ya kafa kamfanin Buzigahill. Yana sayen dilolin gwanjo, a farke, a sake yanka, a ɗinka sabon salo, a sayar wa ƙasashen da suka turo su. Da tsada kuma! Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

A Abuja, Nkwo Onwuka na yanka tsofaffin wandunan jins siri-siri, a jera, a ɗinke, su zama sabon yadi da ta sa wa suna Dakala. A Ibadan kuma, Adejoke Lasisi, wadda ta tashi a gidan masaƙa, ledar fiya wata take wankewa, ta yanka, ta ɗora a masaƙa tare da zare. Ledar da ke toshe kwata ta zama jaka da takalmi!

Gumin mai ɗinki

Tambari mai cewa an yi a Afirka ba shi ne shaidar adalci ba, kun sani? A 2019 wani binciken Jami'ar New York ya gano mafi ƙarancin albashin masu ɗinki a unguwar masana'antu ta Hawassa a Habasha dala 26 ne a wata. A wata! Bai kai dala ɗaya a yini ba. Shi ne mafi ƙasƙanci a duk ƙasashen da aka auna.

Amma a shekarar nan ce matan Lesoto suka kafa tarihi. Bayan an fallasa cin zarafin da ake yi musu a masana'antun jins, ƙungiyoyin ƙwadago da na mata suka sa manyan kamfanoni, ciki har da Levi Strauss, suka rattaba hannu kan yarjejeniya mai ƙarfin doka. An kafa hukuma mai zaman kanta da za ta iya sa a kori shugaban da ya taɓa ma'aikaciya. Ƙaramar ƙasa, babban darasi!

Kun san wasu jakunkunan Vivienne Westwood da Stella McCartney a Nairobi aka ɗinka su? Tun 2009 shirin Ethical Fashion Initiative, ƙarƙashin wata cibiyar kasuwanci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke haɗa manyan masu zana tufafi da mata masu sana'ar hannu a Kenya da Burkina Faso. Ba sadaka ake ba su ba. Aiki suke yi, a biya su haƙƙinsu.

Shugabanni a cikin saƙar gida

Thomas Sankara, wanda ya mulki Burkina Faso daga 1983 zuwa 1987, ya umarci ma'aikatan gwamnati su riƙa sa Faso Dan Fani, saƙar hannu ta audugar ƙasar. Nan da nan mata masaƙa suka samu kasuwa. A 2023 kuma gwamnatin ƙasar ta ɗauki matakin mai da shi kayan makaranta. Ku ƙiyasta yawan masaƙun da ɗaliban ƙasa guda za su tayar!

Daren 6 ga Maris 1957, da Kwame Nkrumah ya hau dandali ya shelanta 'yancin Gana, ba kwat ya sa ba. Taguwar saƙin arewacin Gana ce a jikinsa, shi da abokan gwagwarmayarsa. Kente kuwa, saƙar garin Bonwire mai faɗin santimita 10 kacal, sai an haɗa sama da 20 kafin a samu mayafin namiji ɗaya. UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a Disambar 2024.

Nunin tufafi a tsakiyar hamada fa? An yi! A 1998 Alphadi, gwanin ɗinki na Nijar, ya shirya bikin FIMA na farko a gindin duwatsun Tigidit, kusa da Agadas. Manyan masu zana tufafi na duniya suka sauka cikin rairayi.

Hannu tara a riga ɗaya

Ga ta ƙarshe, kuma a gida take. Ku ɗauko babbar rigar saƙi mai aikin hannu, aska takwas ko malum-malum, ku ƙirga waɗanda suka taɓa ta. Manomi. Mai gurza. Mai shiɓa. Mai kaɗi da mazarinta. Masaƙi. Marini. Mabugi. Malamin da ya zana. Mai ɗinkin da ya duƙa a zaure ko a tsakar gida a birnin Zariya, watanni yana bin zanen da allura. Hannu tara! Gida tara sun ɗora tukunya daga riga ɗaya. Kuma uba ya sa, ɗa ya gada, jika ya yi hawan Sallah da ita.

Don haka ran da mai saƙi ya faɗa muku kuɗin kayansa, kafin ku ce ya tsawwala, ku raba kuɗin gida tara ku ga abin da kowa ya samu. Sannan ku ba na kusa da ku labari, mu ga ko shi ya sani!